Gambar da Ba a Yanka Ba

Tungan Ƙirya, ta hanyar Sahon Rami
Watan Afrilu

Zuwa ga taubashina Tanimu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Ummukulthum da yara, da shanun Alhajin da kake yi wa bauta a can bayan Jos. Mu nan da sauƙi, mun gode Allah. Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Tun da aka ƙone ƙarfen sabis na yankinmu, waya ta koma tocila a garin nan. Akwai dutsen da ake hawa a samu layi, amma yanzu masu bindiga sun fi mu son dutsen. Wata mai zuwa kasuwar Kontagora na ba takardar nan ta kai wa Benjamin direba, wanda yake ɗauko dankali daga wajenku. In za ka amsa, ta hannunsa za ka amsa.

Ka san ni 'yar namiji ce, kai ɗan mace, saboda haka umarni nake ba ka, bawana, ba roƙo ba. Maganar shanun nan tara ce da kawunka, Baba Dogo, ya bar mini. Ranin bana ya kusa gamawa da su. Harawar waken da muka tara a kan rumfa, gara ta ci rabi, shanu suka ci rabi, kafin Ista babu ko tsinke. Daga nan sai daji, kuma ka san wanda yake kai su dajin.

Mijina Abel bai gaya maka komai ba lokacin da ka zo jana'izar Baba, domin ba ya gaya wa kowa. Shekarun baya da masu bindiga suka kama shi yana kiwo a fadamar daji, watanni ya yi a hannunsu. Ya dawo yana jan ƙafa. Har yau in babur ya wuce da ƙarfi sai ya ajiye lomarsa, ba ya ƙara ci. Wannan mutumin ne nake kallo kowace safiya yana kora shanu zuwa inda aka kama shi, saboda ni ban da abin da zan zuba musu. Ina tsayawa a bakin ƙofa har sai ya ɓace mini. Na gaji, Tanimu. Ba na so ya sake shiga dajin nan ko sau ɗaya.

A wurin zaman makoki na ji ka kana cika baki, wai a gonar da kake aiki shanu da ƙafarsu suke cin ciyawa shekara zagaye, ba a dogara da harawa. In ƙarya ka shara don mutane su ce ka waye, ka faɗa mini in bar sa rai. In gaskiya ne, ka koya mini. Ruwa ya kusa sauka.

Uwar ɗakinka,
Deborah


Gonar shanu, bayan Jos
Watan Mayu

Zuwa ga uwar ɗakina Deborah,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta bawa ga mai shi, na samu takardarki, kuma na gane rubutunki tun kafin in buɗe, don har yanzu kamar kaza ta bi ta kan tawada. Muna lafiya. Ummukulthum tana gaishe ki, ta ce ki yi wa Abel sannu. Ban san abin nasa ya kai haka ba, wallahi na kasa cin abinci ranar da na karanta.

Ba ƙarya na yi ba. Ga yadda ake yi, ki buɗe kunnenki. Gonar waken nan ta bayan gida, wadda ta gangara har rafi, ita za ki ba shanu. Ki raba ta gida huɗu da shingen ƙaya, uku ƙanana, ɗaya babba. Da zarar ƙasa ta jiƙu, ku tono saiwar gamba a bakin rafi, ku rarraba, ku dasa a layi kamar dashen dawa. Na ba Benjamin ƙullin irin wata ciyawa mai ganye kamar na gyaɗa, sitailo muke ce mata. Ki watsa a tsakanin layukan. Ita ce miyar, gamba ce tuwon.

Kuskuren mutanenmu shi ne a saki shanu a wuri ɗaya su ci har su lashe ƙasa. Ciyawa ma tana gajiya. Ki sa su a gida ɗaya, in sun ci ta rage kamar taƙi guda, ki fitar da su ko suna kuka, ki kai su na gaba. Kada su koma na farko sai ciyawar ta kai gwiwa. Haka za ki yi ta juya su a ƙananan nan uku duk damina.

Babban kuwa, daga tsakiyar damina ki rufe shi ruf. Shi ne rumbunki, sai dai rumbu ne a tsaye. Ciyawar ta bushe a inda take, gara ba ta damunta kamar wadda aka tara, ba ɗauka, ba ɗauri, ba hawa rumfa. Da kaka ki share gefensa da faɗi saboda wutar mafarauta. In rani ya yi, ki riƙa buɗe musu kaɗan-kaɗan, kina matsar da shinge, ki haɗa da kanwa da ganyen kawo. Na san in kin ba da gonar wake harawa za ta ragu, to ki adana ta gyaɗa don masu shayarwa. In Allah ya yarda Abel zai yi rani yana kiwo a inda za ki ƙwala masa kira ya ji.

Abu ɗaya: mutanen garinku na san su. Wannan zai zo yana son gamba ta zana, wancan ta jinka, ke kuma ga saurin kyauta. Kada ki bari lauje ya shiga wurin nan. Ko Mai gari ne ya zo da laujensa da rawaninsa, ki ce masa bawanki Tanimu ya hana.

Ki ajiye mini man shanu, shi ne ladan malanta.

Bawanki,
Tanimu


Tungan Ƙirya
Watan Satumba

Taubashina,

Ina gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau, sai zazzaɓin damina da ya ɗan taɓa ni, ya kuma sake ni. Ina fata kuna lafiya.

Ashe bawa ma yakan yi gaskiya. Da muka fara dasa gamba, matan garin nan har tsayawa suke yi a hanyar rafi suna dariya. Magdalena, matar maƙwabcinmu, ta ce, "Deborah, kowa yana nome ciyawa, ke kina shuka ta? Ko za ki zo gonata ki kwashe tawa, kyauta na ba ki." Na ce mata ta bari rani ya zo mu yi maganar. Yanzu ita ce take aiko da ƙwarya neman nono.

Shanun sun murje. Kyalla, tsohuwar nan mai farin goshi da Baba yake ji da ita, ta haihu, kuma ta tashi da ƙarfinta. Ranar farko da na fitar da su daga gida na ɗaya alhali da sauran ciyawa, sai da muka yi faɗa da Abel, ya ce wannan ai rowa ce. Da ya ga yadda wurin ya sake tohowa sai ya sauko, yanzu shi ne yake auna ciyawa da taƙinsa yana yi mini gyara. Ya yi kumatu, Tanimu. Rannan na ji shi yana waƙa da yarenmu yana gyaran shinge, sai da na shiga ɗaki na share hawaye don kada ya gani.

Babban gidan mun rufe shi kamar yadda ka ce. Gambar ta yi kyau har ta ba ni tsoro, ta fitar da kai, ta wuce tsawon Abel da hannunsa a miƙe. Na lura ba ya shiga cikinta. In zai je rafi sai ya zagaya ta nesa, da ƙafarsa mai ciwo. Da na tambaye shi sai ya ce, "Wadda masu bindigar suka fito mini daga cikinta ba ta kai wannan tsawo ba." Na ce masa wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Bai yi dariya ba.

Man shanunka yana nan a kwalba, in ba ka zo ba zan cinye.

Deborah


Tungan Ƙirya
Watan Nuwamba

Tanimu,

Gaisuwa. Muna lafiya. Ban ga amsar takardata ta Satumba ba, ko ta ɓace ne, ko kai ne ka yi ƙiba ka manta da mutane. Wannan kam ka amsa da sauri, don magana ta taso.

Akwai abin da ban gaya maka ba saboda ban ɗauke shi da nauyi ba. Bana tun farkon damina garin nan ya yanke shawara ba wanda zai shuka dawa ko masara kusa da gidaje, sai gajeren amfani, wake da gyaɗa da ridi, don a riƙa hango mai zuwa. Da aka gama girbi, 'yan banga suka bi suka sassare duk wani kara da ya rage. Yanzu tsakanin daji da garin nan babu abin da yake tsaye sai gambata.

Shekaranjiya Mai gari ya zo da kansa, tare da Francis, shugaban 'yan banga. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo nono. Mai gari ya sha, ya yaba, sannan ya ce, "'Yar Dogo, ciyawarki ta yi albarka, amma mutum ɗari za su kwanta a cikinta har da baburansu ba mu sani ba. Ba mu zo mu yi miki ɓarna ba. Gayya za mu yi miki. Maza su fito da lauje, wuni ɗaya mu kwantar da ita, mu ɗaure, mu ɗora miki a rumfa. Ke dai ki dafa mana wake."

Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka yanke ta ai ta koma harawa, harawa kuwa ita na gudu. Gara za ta ci rabonta, kafin Ista ta ƙare, mijina ya koma daji." Na ɗauko takardarka na karanta musu inda ka ce ko Mai gari ne ya zo da laujensa in ce ka hana. Ya yi murmushi ya ce, "Tanimu na Jos? Yaushe rabonsa da kwana a garin nan?" Francis bai yi murmushi ba. Ya ce shi ne yake kwana a waje da bindigar toka yana kallon wannan duhun ciyawa, ba Tanimu ba. A ƙarshe Mai gari ya ce ya ba ni zuwa Kirsimeti in yi shawara, albarkacin Baba.

Abel yana wurin duk zaman nan. Sai da suka tafi ya ce, "Deborah, ki bari a yanke." Raina ya ɓaci. Na ce masa don wa nake wannan wahala? Wa ya dasa, wa ya yi ta shan dariyar mata? Na ce in an yanke ta ƙare, kada ya sa ran zan sake tsayawa a bakin ƙofa ina kallon ƙeyarsa. Ya tashi ya bar mini wurin.

Kai ka san aikin nan, ni bin ka nake yi. Ka ce kada lauje ya shiga, na tsaya a kan maganarka a gaban manya. Yanzu ka faɗa mini: in an yanke ta a wannan lokaci, za ta kai mu ruwan farko? In ba za ta kai ba, zan tsaya a bakin shinge ko garin duka ya taso. Na share gefenta kamar yadda ka ce, ko akuya ta bi wurin sai an ga sawunta.

Deborah


Gonar shanu, bayan Jos
Ƙarshen Disamba

Deborah,

Ki yanke ta. In takardar nan ta same ki da safe, kada rana ta faɗi ba ki je wurin Mai gari ba. Ki ba shi haƙuri da bakina, ki ce a yi gayyar.

Yau Benjamin ya miƙo mini takardunki biyu a haɗe. An tura shi jigilar albasa zuwa kudu, takardun suka yi ta zama a tashar Kontagora ba wanda ya san su. Ta Satumba na fara karantawa ina ta dariya, da na buɗe ta biyun sai dariyar ta ɗauke.

Haba 'yar kawu, maganar Mai gari da rawaninsa ai wasa ne irin namu. Masu roƙon gamba ta zana nake nufi. Ban taɓa zaton za ki karanta wa mutumin a gabansa ba. Kuma ni da na rubuta, a nan nake zaune inda ciyawa ba ta wuce ƙugu, ga shingen waya ya kewaye gonar, ga masu gadi. Tsawon gamba bai zo mini a rai ba sam. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Francis ya fi ni gaskiya.

Ga amsar tambayarki. Gambar da aka yanka ba ta lalace ba. Tsayuwar sauƙin aiki ce kawai, ba ita ce maganin ba. Ku ɗaga rumfar sama sosai, ku zuba toka a gindin kowace dirka, ku riƙa dubawa, gara ba za ta ci rabi ba. Wuri mai girman nan, da harawar gyaɗa da ganyen kawo na bakin rafi, zai kai ku ruwan farko in kin riƙa aunawa. Kuma gindin da aka bari zai toho da wuri.

Ki gaishe da Abel, ki ce masa shi ne ya yi daidai. Ummukulthum tana yi muku barka da Kirsimeti. Allah ya sa takardar nan ta riga komai isowa.

Tanimu


Tungan Ƙirya
Watan Janairu

Tanimu,

Na samu takardarka. A kan toka na karanta ta. Jikinmu lafiya, shi ke nan abin da zan ce game da lafiya.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti aka shiga Tungan Marke, garin da yake hayin rafinmu. Waɗanda suka tsira sun ce tun asuba mutanen suke kwance a cikin wata gonar dawa da ba a sare karanta ba, suna jira har maza suka watse zuwa kasuwa. Ba zan rubuta maka abin da aka yi ba. Da azahar mata suka fara isowa garinmu, wasu ba ɗankwali, wata da goyon da ba nata ba, ta ɗauka ne kawai a guje.

Kafin la'asar maza sun taru a bakin shingena. Ba wanda ya zo da lauje. Mai gari ya ce, "'Yar Dogo, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Lokacin gayya ya wuce." Na durƙusa a gabansa, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa a kan abina ba. Na ce na yarda, a yanke, gobe da sassafe a yanke, zan dafa wake, zan yanka akuya. Francis ya ce, "Wa zai shiga ciki ya yanka? Kin san ko yanzu akwai mutum a ciki?" Ni ma ban sani ba.

Wani saurayi ya kunna tsumma a kan sanda. Sai Abel ya fito daga cikin mutane yana jan ƙafarsa, ya karɓe sandar daga hannunsa. Na ɗauka kashewa zai yi. Ya ce, "Ba wanda zai sa wa matata wuta a gona ina tsaye. Ni zan sa." Bai dube ni ba. Ya bi gefen da iska take fitowa, ya yi ta dangwalawa har ya kai rafi.

Ka san busasshiyar gamba. Kafin in miƙe tsaye wutar ta fi bishiyar ɗorawa tsawo. Shanu suna ta kuka a turke, suna fizgar igiya. Sharar da na yi ta yi aiki, ka ji daɗi, malam: ko tsinke ɗaya na maƙwabta bai ƙone ba, nawa ne kaɗai ya tafi, har da ƙananan gidajen uku. Babu kowa a cikin ciyawar. Gafiya ce ta yi ta fitowa, yara suna bi da sanduna.

Ka ce wasa ne. Na karanta wurin sau da yawa ina neman inda ka yi dariya, takarda ba ta nuna haƙora. Ba na ce laifinka ne kai kaɗai ba. An ba ni wata guda da rabi, ga maza, ga lauje, ga mijina yana cewa a yanke, na zauna ina jiran mutumin Jos. Amma ina jin haushinka, kuma gara in faɗa maka da in haɗiye.

Abin da ya rage mana shi ne 'yar harawar gyaɗa. Magdalena ta kawo dami biyu, Mai gari ya aiko da karan dawa a amalanke. Kowa nasa bai ishe shi ba. Abel yana hawa kawon bakin rafi yana saro ganye, da wannan ƙafar. Ba mu cika magana ba. Na san abin da yake lissafawa in ya tsaya yana kallon rumfa, shi ma ya san na sani.

Deborah


Gonar shanu, bayan Jos
Watan Fabrairu

'Yar'uwata Deborah,

Na karɓi haushinki, ya dace da ni. Allah ya ji ƙan mutanen Tungan Marke, ya tsare na gaba.

Ba dogon bayani. Na loda wa Benjamin buhunan dusa da na ƙuli-ƙulin shanu, zai sauke su a gidan ƙanwata Salihatu a Kontagora. Ki nemi duk motar da za ta shigo wajenku. In bai isa ba, ki rage garken. Ki sayar da bijiman, ki sayar da duk abin da za a saya, in ta kama ki yanka ki raba wa gari. Kawu Dogo ba zai tashi daga kabari ya tambaye ki saniya ba. In damina ta zo za mu sake dasawa, mu riƙa yankewa tun tana ƙugu.

Abel kawai za ki riƙe. Ki yi masa magana, ko ba ki huce ba. Ki ce ni na roƙe shi, ba da wasa ba, kada ya kai su daji.

Ina neman izini a wurin aiki. Da na samu zan taho.

Tanimu


Kontagora, gidan Salihatu
Watan Afrilu

Tanimu,

Ina gaisuwa. Daga gidan ƙanwarka nake rubuto maka, ga buhunan dusarka a jingine a zaure. Sun iso tun tuni. Ba direban da ya yarda ya bi hanyarmu da kaya tun bayan Tungan Marke, mai babur ɗaya ne ya kai mana buhu guda, shanu suka gama da shi a 'yan kwanaki. Maganar sayarwa kuma, mahauta sun daina shigowa, kasuwar shanu kuwa sai an ratsa dajin da muke gudu.

Na yi masa magana kamar yadda ka ce. Mun shirya. Ya yi mini alkawari, kuma ya riƙe shi har ganyen kawo ya ƙare, har ya sare na maɗaci da shanu ba sa so. Maraƙin Kyalla ya mutu. Wata karsana ta kwanta, sai mun taru mu huɗu muke ɗaga ta da sanduna. Na ce a yanka su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ni na ƙone musu abinci, ni kuma zan tsaya ina kallo a yanka su?" Na ce ba shi ya ƙone ba, gari ne. Ya ce hannunsa dai ya sani.

Ranar Lahadi na tafi coci, ya ce ƙafarsa tana ciwo zai zauna. Da na dawo turke babu ko saniya ɗaya, shi ma ba ya gida. Ya bar mini ruwa cike da randa, ya faskara itacen da zai kai ni mako.

Na je na tsaya a bayan gida inda gambar take a da. Wurin ya zama fili fetal, kamar yadda suke so, ana ganin komai har bakin daji. Shi ya sa na hango su tun daga nesa, rana tana shirin faɗuwa. Uku ne, Kyalla a gaba, da biyu da suka fi ramewa. Masu ƙarfin an kora su, waɗannan ba za su iya doguwar tafiya ba sai aka bar su. Suna tahowa a hankali, cikinsu ya ɗan tasa, sun ci ciyawa. Na tsaya ina jiran in ga mutum ya fito daga cikin itatuwa a bayansu, na ce ai ƙafarsa ce, kullum shi ne na ƙarshe. Babu inda mutum zai ɓuya a filin nan, Tanimu. Na ga kowane kututture. Har suka zo suka wuce ni suka shiga turke da kansu, babu kowa a bayansu.

Washegari Francis da mutanensa suka bi sawu har fadama. Sun samu sandarsa da takalmi ɗaya da sawun babura. Ba su ga jini ba. Mai gari ya ce wannan alama ce mai kyau, wai in wanda suka kama yana da rai, masu bindigar sukan bugo waya. A garinmu ba layi, shi ya sa na biyo ayarin 'yan kasuwa na taho nan. Magdalena ce take duba shanun. An yi ruwan farko a daren da na taho, ta aiko cewa gindin gambar ya fara toho.

Salihatu ta ce in kira ka, ga lambarka a wayarta, ga tawa da caji. Na ce a'a, zan rubuta. Ban shirya jin muryarka ba tukuna. Abel lambata kaɗai ya haddace. Wayar tana kan cinyata yanzu haka, ko wanka zan shiga da ita nake shiga.

In ka samu izinin ka taho. Amma kada ka kira ni, ko don ka yi mini jaje. Ka bar layin a buɗe.

Deborah